Kantar Ƙarshe a Ɗakin Fayil

Magariba ta kawo jiki, Mai-fayil yana alwala a tsakar gida, sai ya ji ƙara daga ɗakin yara: dum, dum. Ya san ƙarar nan kamar muryar uwarsa, ta buga hatimi ce a kan takarda. Sai dai babu hatimi a gidansa.

Ya ɗaga labule. Autarsa tana zaune a ƙasa, ta jera takalman gidan sahu-sahu, tana lasar yatsa tana buɗe shafukan da babu su.

"Auta?"

Ba ta ɗago ba. Da muryar tsoho ta ce, "Ka dawo gobe."

Tun yana saurayi yake tsaron ɗakin fayil na ma'aikatarsu, can ƙasan bene inda ko masinja ba ya son leƙawa. Bana aka kawo kwamfutoci da na'urar ɗaukar hoton takardu, aka ce ya ɗauki hoton kowace takarda, ya kai fayil ɗin bayan gini a ƙone. Bawan Allah ya san da hannunsa yake cinye aikinsa, amma ya zai yi? Kantar fayil ɗaya ce ta rage bai ƙone ba.

Daga wannan magaribar gidan bai sake zama lafiya ba. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara sauka a kan kwano, warin ƙonanniyar takarda ya cika ɗakuna. Auta ta daina ci, ta rame sai idanu. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta aika aka kira malamin da ke ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai?"

"Tsohon ma'aikaci," in ji muryar. "Na riga ubanta shiga ɗakin fayil ɗin nan. Kullum in ya buɗe ƙofa sai ya yi sallama, ko da bai ga kowa ba, shi ya sa ban taɓa ɓatar masa da fayil ba. Amma ya cinna wa gidana wuta, ko gafara dai bai ce ba."

"Takardunka suna cikin kwamfuta. Ka koma can."

Aljanin ya yi dariya mai ɗaci. "Na leƙa, Malam. Ba lungu, ba ƙura, ba wurin sa haƙarƙari. Ko gara ba za ta zauna ba. A bar mini kantar ƙarshe, in bar masa 'yarsa."

Mai-fayil ya rantse ba zai ƙone ta ba, ko da za a kore shi. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa." Ranar har tuwo ta nema.

Da sassafe ya sauka ƙasan bene. Ɗakin fes, an share, samari suna jan wayoyi a bango.

"Mun sa sun ƙarasa maka kantar ƙarshen jiya da yamma," in ji manaja, idonsa a kan waya. "Je ka huta, baba. In da buƙata za mu kira ka."

Ya zagaya bayan gini, ya tona tokar da hannu biyu. Ko bangon fayil ɗaya bai samu ba.

A ƙafa ya koma gida, yana jan jiki, har rana ta faɗi. Matarsa tana bakin ƙofa, ta kalli baƙaƙen hannuwansa. Daga ciki, a hankali, hatimi ya fara sauka.