Tsutsar da Ta Ƙi Nuna wa Matsattsaku Hanya

A can wani zamani, a tafkin wata mata mai kiwon jatan lande, akwai wata 'yar tsutsa mai faɗin jiki da yatsu biyar a ka. A bayan wani tsohon jatan lande take zaune, tana cin ƙwarin da ruwa ya kawo.

Wata rana matsattsaku ya zo ya ce, "Ƙanwata, da wutsiya nake mannewa, da wutsiya kike mannewa, ashe dangi muke. Nuna mini inda ɓawon tsohon nan yake da laushi mu sha jini."

Ta ce, "Ba zan nuna ba. Kakannina a ƙarƙashin duwatsun rafi suka rayu, ba su sha jinin kowa ba."

Ya ce, "To, ke zan cinye."

Ta sake cewa, "Ba zan nuna ba."

Ya cafke ta yana ja, ita kuwa ta ƙara mannewa, har yatsanta ɗaya ya cire. Motsin ya farkar da tsohon, ya kai hannu ya datse matsattsaku gida biyu.

Ya ce, "Wa ke faɗa a bayana?"

Tana haki ta ce, "Maƙwabciyarka ce, Baba. Koma barcinka."