Gammon Zali

Jirgin Lurwanu ne ya fara gaisawa da Zali kafin shi, kuma gaisuwar ba ta yi kyau ba, don cikin ƙwaryar nononta ya faɗa.

Ranar kasuwar Madawa ce, bayan an gama yaƙin Turawa. Lurwanu mai gyaran fitilu ne, ya taɓa aiki a garejin Tawa wajen wani mushe, wato Bature, makanike, wanda da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani ɗan inji da bai fi babban yatsa ba. Lurwanu ne ya haɗa wa injin jikin jirgin sama da karan dawa da takarda, ya yanka gwangwanin madara ya yi masa tankin mai. Jirgin yana tashi, ba a hana shi wannan ba. Sai dai da ya kai tsayin gawo injin zai yi tari ya mutu, abin ya nufo ƙasa da ka.

Zali ta dubi nonon da ya zube, ta dubi saurayin da ya iso yana haki.

"Kai ad da tsuntsun ga?"

"Ni ne. Ki yi mani gahwara."

"To mai jirgi, tsuntsunka ya sha nono, kai kuma ka sha rana."

Daga ranar Lurwanu ya zama mai son nono, shi da a da ko warinsa ba ya so.

Zali ɗiyar Maiguwa ce, makiyayi mai noma a gefen Azarori, mutumin da ke auna namiji da irin ƙullin da yake wa igiya. Da kawun Lurwanu ya je neman iri, wato nema masa auren Zali, Maiguwa ya ce a kawo masa abin da ake ta labari. Ya jujjuya jirgin, ya leƙa cikinsa, ya ga tankin an naɗe shi da waya tamau a jikin katako.

"Wanda ka matse abu hakanga, mace ma haka za shi matse ta," in ji shi. Sannan ya yi dariya a gaban mutane ya ƙara da cewa, "Randa abin wasan ga ya tashi ya sauka da ƙahwahunai, shi zo in ba shi ɗiyata."

Ba'a yake yi, kowa ya sani. Yana da wanda yake so, Ɗantala mai fataucin albasa, wanda raƙumansa ke kaiwa har Sakkwato, kuma bai taɓa zubar wa kowa da nono ba.

Lurwanu ya ɗauki ba'ar da gaske. A ganinsa tankin motsi yake yi, shi ya sa injin ke mutuwa, don haka kullum sai ya ƙara waya ya ƙara matsewa. Jirgin kuwa ya ƙara saurin faɗuwa.

Saƙonsu Inna Jima ce ke kaiwa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa tsakanin Azarori da Madawa. Shi zai ce, "Ki ce ma 'yar nonona ban ci ban sha ba sai da tunaninta." Ita kuma ta aiko, "Ki ce ma mai jirgi shi ci shi sha, ban son miji ramamme."

Wata rana Zali ta tsaya ta kalli injin yana aiki a ƙasa, ta ga yadda tankin ke karkarwa tare da katakon. Tana komawa gida ta ɗauki gora tana kaɗa nono, kumfa ta taso, sai ta tsaya cak. Ta kira Inna Jima ta ce, "Ki ce mai, man nan kaɗuwa shika yi awa nono cikin gora, injin kumhwa shika sha. Shi sassauta ɗaurin, shi sa gammo."

Inna Jima ba ta ga abin da ya haɗa soyayya da gora ba. Kafin ta kai Madawa ta zubar da abin da ta ɗauka surutu ne, ta riƙe ƙwayar.

"Ta ce ka sassauta."

"In sassauta mi, Inna?"

"Kai ma ka sani. In budurwa ta ce a sassauta, ai ba a tambaya."

Lurwanu ya ɗauka neman aurenta ne ta ce ya sassauta. Ya rataye jirgin a bango, ya daina bi ta rumfar masu nono, ya daina aika saƙo. Zali kuwa ta ga shiru, ta ɗauka ya ji haushi ne don mace ta gyara masa aiki. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta kuma yi kuka. Ɗantala ya ga fili, ya aiko da goro, Maiguwa ya ce a bar shi sai an gama girbi a raba.

Gero ya nuna, aka fara yanka. Zali ta ga in ta ci gaba da fushin nan, a gidan albasa za ta ƙarasa shi. Ranar kasuwa ta sauke ƙwaryarta a gaban rumfar Lurwanu, a idon kowa.

"Mai jirgi, don na ce ka sa gammo shi ne laihina?"

"Wane gammo? An ce mani in sassauta, ni ko na sassauta."

"Tankin! Tankin nic ce, ba ni ba!"

Ya zauna a kan turmin da yake gyaran fitilu a kai yana kallonta. Ita ce ta fara dariya, hawaye na zuba. Ta kwance gammon da ke kanta, ta yage gefensa ta miƙa masa.

"Kaya ba su zama bisa kai don an matse su. Shimhiɗa mai wanga ƙasa da gehe, ka ɗaure da zare, shi zamna amma shi sha iska."

Ya cire wayar duka. Ya naɗe tankin da ƙyallen, ya ɗaure shi da zaren saƙa, ba tamau ba, ba sako-sako ba.

A gonar Maiguwa da aka gama girbewa aka yi gwajin, gaban mutanen da suka ji ba'ar da kunnensu. Injin ya kama, jirgin ya wuce gawo, ya yi kewaye bisa rumbuna, shanu suka watse, tsofaffi suna salati. Da man ya ƙare sai ya sauko a hankali, ya dira da ƙafafunsa a kan yashi, ya tsaya daidai.

Maiguwa ya matso. Ya ɗauki jirgin ya leƙa ciki, ya gane ƙyallen, don shi ya sayo zanen.

"Maganar da nic ce gaban mutane ba ni lashe ta," in ji shi. "A maida ma Ɗantala goronai."

Aka ɗaura aure kafin a gama sussuka. Inna Jima ta fi kowa guɗa, tana gaya wa mata cewa ita ta haɗa su. Da liman ya shafa fatiha, jama'a suna ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Maiguwa ya riƙo hannun angon ya ja shi gefe.

"An ɗaura, yaro. Saura ka tuna abin da ɗiyata tak koya maka."

"Na tuna, Baba. A sassauta, a sa gammo."

"To Allah shi riƙa."