Dutsin da Muntari Ya Rage

Muntari maƙerin azurfa ne a Jega Firchin. Wata Talata Alhaji Bashar, dillalin albasa daga Aliero, ya kawo masa dutse ya ɗaura a zobe. Shuɗi ne tsantsa, da ɗigo-ɗigo kamar zinariya.

"Mi a sunan wanga, Alhaji?"

"Lazawardi. Wanda na saya gare shi a Makka ya ce sunan wurin da aka haƙo shi ne, can duwatsun Afganistan. Mutanen Farisa sunka sa mai, Larabawa sunka ɗauka. Kai dai ɗaura min, ɗan tsegumi."

Dutsen ya fi gurbinsa girma. Maimakon ya sake ƙera zoben, Muntari ya ɗauki magagari ya rage gefen dutsen, yadda yake yi wa kwalba da dutsen akik. Warin farar wuta ya tashi. Ya hure garin a ƙasa, ya taka.

Gab da magariba ya hau babur zai kai zoben. Yana tsakiyar gonakin albasa injin ya mutu. Kwaɗin fadama suka yi tsit.

Warin nan ya dawo.

Wani tsoho na tsaye a bakin kwalta, dogo ƙwarai, ƙafafunsa buɗu-buɗu da shuɗin gari.

"Maƙeri," ya ce a hankali. "Ina sauran nai?"

"Baba, ga shi duka, amshi."

"Da sunan gidanmu aka kiran shi. Mun bari a ɗauka. Ba mu ce a rage ba."

Muntari ya buɗe baki zai yi a'uzu. Mari ya ɗauke shi daga kan babur, ya faɗa cikin kunyar albasa, haƙori biyu suka zube. Aka take masa wuyan hannun dama. Ƙashi ya ce ƙas.

Sai ya ji ƙarar da ya fi kowa sani.

Magagari.

A kan babban yatsansa.

Ya yi ihu har murya ta ƙare. Ba a daina ba sai da aka kai gaɓa.

Kiran salla ya taso daga wata ruga. Nauyin ya ɗaga. Muntari ya ja ciki zuwa kwalta, wata motar albasa ta tsince shi.

Alhaji Bashar ya zo duba shi, aka miƙa masa zoben, ya ƙi taɓawa.

Hannun ya warke, amma bai sake riƙe guduma ba. Yanzu Muntari ɗinkin buhun albasa yake yi a kasuwar Aliero, da hagu.