Kek Mai Taya Huɗu

Ya shigo shagon kayan kek da fenti a gefen farcensa, ya tsaya gaban buhunan fulawa yana rarraba ido. 'Yar mai shagon ta ƙyale shi ya gama zagaye, sannan ta ce, "Malam, gareji yana can gaba."

"Daga can nake," ya ce yana sosa ƙeya. "Kek nake so in yi, mai siffar bas."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya gaya mata yayansa direban bas ne, bara ya rasu, matar yayan kuma ta rasu tun wajen haihuwa. 'Yarsu tana hannunsa, ana ce mata Kwandasta don ita ke taya babanta kiran fasinja. Wata mai zuwa za ta cika shekara biyar, kuma ta kafe ba na saye take so ba, Baffa ne zai yi mata.

Ta haɗa masa fulawa da bota da kala ruwan ɗorawa, ta ba shi lambarta, wai saboda tambaya. Tambaya kuwa ta sha ta.

"Malamata, ya ƙone ta ƙasa, tsakiya ɗanye. Injin ne ko direban?"

"Direban ne. Rage wuta, ka daina buɗe oben kana leƙe."

"Leƙen ya zame min jiki. Yau ma na bi ta ƙofar shagonku."

"Na gan ka, Direbana. Saura kaɗan ka yi karo da falwaya."

Kafin kek ɗinsa ya fara tashi daidai, so ya riga ya kama su, kuma ba wanda ya tsaya musu a cikinsu. Mama, mai shagon, ita ta fara lura.

"Murmushin da kike wa wayar nan ba na ciniki ba ne," ta ce. Da ta ji ko wane ne, ta ɗaure fuska. "Ba zan bari ki fara aure da riƙon 'yar wani ba. In kin kyauta ba a gani, in kin tsawatar a ce ba ke kika haifa ba. A bar maganar."

'Yar ta sha kuka, ta tura masa saƙo guda: "Mama ta hana. Ina sonka, amma ba zan saɓa mata ba. Ka yafe min."

Sai dai darasin shafa kirim ba a kai gare shi ba.

Ran bikin cikar shekarar da safe ya shigo shagon ɗauke da tire, Kwandasta na riƙe da wandonsa. Bas ɗin ya fito, har da hanci da rufi, amma kirim ya narke ya zubo, rufin ya zame gefe. Mama ce a bakin kanta, 'yarta na bayanta ta sunkuyar da kai.

"Mama, ba don in saɓa miki na zo ba," ya ce. "Kirim zan saya in sake."

Mama tana iya jure abubuwa da yawa, ban da ganin kek a wulaƙance. "Wa ya ce ka shafa da zafinsa?"

"A wurinmu fenti ya fi kama jiki mai ɗumi."

"Allah ya shirye ka. Biyo ni."

A kicin ɗin baya ta kankare kirim ɗin, ta sa kek a firji ya huce. Ta ɗauki wuƙa za ta shafa sabo, sai ƙaramar murya ta ce, "Baffa ne zai yi."

Mama ta dube ta da kyau. Riga a goge, takalmi tas, kitso kuwa kowane layi da inda ya nufa.

"Wa ya yi miki kitson nan?"

"Baffa. Ba ya jan gashi."

Mama ta miƙa masa wuƙar. Ya shafa a hankali, sumul. Malamarsa ta yanka tagogi da cakulan, Kwandasta ta manna biskit huɗu a matsayin taya, sannan ta shiga jera alewa a tagogin.

"Wannan Baffa, shi ke tuƙi. Wannan Anti. Ni ina bakin ƙofa." Ta ɗaga ta ƙarshe ta dubi Mama. "Saura gaba, wurin manya. Babana ba ya tashi sai mota ta cika. Kaka, za ki hau?"

Mama ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wai garin sukari ne ya shiga. Ta karɓi alewar ta dasa da hannunta.

"Ka turo manyanka," ta ce masa. "Kuma kada ka ƙara taɓa kan yarinyar nan da sunan kitso."

Ran aurensu Mama ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya raya mana wannan." Kwandasta, da sabon kitson Kaka a kanta, ta leƙa motar amarya ta ƙirga kowa, ta buga ƙofa da tafin hannu.

"Baffa, mu tafi. Ta cika."