Lambun Da Aka Naɗe

An sha kawo wa Insifekta Stoilov ƙarar satar mota a birnin Sofiya, amma satar lambu sukutum, sai ranar.

Ya tsaya tsakanin dogayen benayen, sama ta rage kamar bakin rijiya. Tsohuwar da ta kira ofis, Tsvetanka, ta nuna masa filin.

"Ɗana, a nan nake turo mijina a kekensa na marasa lafiya ya sha iska. Shekaranjiya suka kewaye wurin, wai feshi za a yi. Yau ka gani, ko ciyawa ɗaya!"

"Iya, kin ga wani?"

"Daga hawa na goma sha huɗu? Kai ma dai."

Ba iska kaɗai ke damunta ba. A doka, gini mai wannan girma sai da lambu ake ba shi takardar izinin zama. In babu ita, gida ba ya sayuwa, wutarsa ma ta wucin gadi ce.

Stoilov ya tona ƙasar da takalminsa. Ko ɗan yatsa ba ta kai ba, sai siminti. Ga kuma shatin manyan tukwane a jere.

Manajan ginin, Lachezar Gochev, ya tarbe shi da kofi.

"Ɓarayi ne, ranka ya daɗe. Sun tuge komai."

"Sun tuge? Ina ramukan?"

"Sun... cike su."

"Kai, ɓarayi masu ladabi! Kamfaninku na da wani ginin?"

"Akwai, can gabas. Ba kowa a ciki tukuna."

"Taso ka raka ni."

Can ɗin, lambu ne shar, an shirya shi tsaf don masu duba gini na hukuma. Stoilov ya kama gefen ciyawar ya ɗaga, ta taso kamar darduma. Sai ya dubi rassan itatuwan da ke jere cikin manyan tukwane. Zaren martenitsa ja da fari ne rututu, zaren fatan lafiya da kowa a ƙasar ke kwancewa daga hannu ya ɗaura wa bishiyar da ta fara fure.

"Ka ce ba kowa a nan. To wa ya ɗaura?"

Gochev ya zauna daɓas a kan benci.

"Na ce wa leburori su yanke, suka ƙi. Na karɓi almakashin, wallahi hannuna ya kasa. Wa ke yanke martenitsa? Har da na 'yata a ciki."

"'Yarka?"

"A ginin da muka ɗauke lambun muke zaune, hawa na shida. Lambu ɗaya kamfanin ke da shi, ranka ya daɗe. In an duba an sa hannu, mu naɗe mu kai gaba. Na san in na yi magana gidana ma ya tafi."

Da aka kama Gochev aka biyo da shi ginin farko ɗaukar kayansa, Tsvetanka na bakin ƙofa.

"Ɗana, yaushe za a dawo mana da itatuwan?"

Stoilov ya ji kunya ta rufe shi, amma bai iya ƙarya ba.

"Sun zama shaida, Iya. Kuma tunda ba a taɓa yin lambu a nan ba, za a soke takardar ginin."

Ta daɗe tana kallon ankwar da ke hannun Gochev.

"Ni na kira ku," ta ce. "Yanzu in na hau sama, me zan gaya wa mijin nan nawa?"