Jar Alamar da Ba Ta Fito Ba

Ranar da Hadiyya ta fara jin muryar Nu'uman, faɗa take yi. A wani shagon intanet ne a Daura, inda aka keɓe wa mata ɓangarensu da shuɗin labule. Shafin da take cikewa ya tsaya cak, mai shago kuwa ya ce ta yi haƙuri, haka abin yake.

"Haka yake tun yaushe? Wa ya ce dole ya zauna haka?"

Ta bayan labule wani ya yi dariya. "Malama, duba ƙasan allo ta dama. Kin ga wata jar alama?"

Ta gani. Ya ce wata 'yar manhaja ce da ya liƙa wa burauzar shagon, wato abin da ake buɗe shafukan intanet da shi. Duk shafin da aka buɗe, da kanta take tashi ta nuna kurakuransa. Da ta fito ta gan shi, siriri mai tabarau, sai ta manta sauran faɗan.

Hadiyya malama ce a makarantar mahaifinta, Malam Lawal, kuma abin da ke ci mata rai shi ne ƙauyukan Zango da Baure ba su da ungozoma mai ilimi. Nu'uman, mai sana'ar gina shafuka, ya gina mata wanda za a yi wa 'yan matan ƙauye rajistar jarrabawar makarantar ungozoma. Daga aiki sai zance ya koma zaure.

"Malamata, na gama shafin, ko ja ɗaya babu. Saura ki duba ni ki faɗi nawa kurakuran," ya rubuto mata.

"Na ƙirga, sun yi yawa. Amma ina son ka a haka, Nu'una."

Malam Lawal bai sake da shi ba. Ya fi natsuwa da Abbas, ɗan amininsa mai fataucin shanu a Mashi. Iya, mahaifiyar Hadiyya, ita ce ta roƙe shi ya ba Nu'uman lokaci.

Saura kwana shida a rufe rajista, Hadiyya ta buɗe jerin sunayen don ta aika Katsina, ta tarar fayau. 'Yan mata arba'in da bakwai sun zo, an cike musu, shafin ya ce an karɓa, sun koma gida. Babu ko suna ɗaya.

"Hasken idona, wallahi ba laifina ba ne," Nu'uman ya rubuto. "An canza manhajar. Yanzu ba ta tashi sai ka kunna ta da hannu a kowane shafi. Duniya duka kuka ake."

Da la'asar ya zo zaure da takardu, koke-koken masu amfani da ita da ya buga daga dandalinsu. Wani ya ce shekara uku yana dogaro da ita, yau ta yi masa shiru. Wani ya ce a mayar masa da tsohuwar ko ya bar ta har abada. Masu ita kuma sun amsa cewa tashinta a ko'ina ne ke sa burauza nauyi.

Hadiyya ta karanta har ƙarshe. "Wannan na ƙasan ya ce an rubuta canjin a sanarwa. Ka karanta ta?"

Ya girgiza kai.

"Ka taɓa aika suna ɗaya da hannunka, ka je ka duba ko ya isa?"

"Na ga babu ja, Hadiyya."

"Su waɗannan jar alama ce kawai ta ɓace musu. Mu kuwa, akwai yarinyar da sai da na je gidansu sau huɗu kafin ubanta ya yarda. Me zan kai masa? Kukan wani Bature?" Ta miƙa masa takardunsa. "Irin wannan ne ya hana mu ci gaba, kowa da wanda zai nuna da yatsa. Na ɗauka kai daban ne."

Ta shige gida. Washegari Abbas ya zo gaisuwa, ya ce shi dama bai taɓa yarda da abin da ba a rubuta da alƙalami ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta koma ɗaki ta yi kuka.

Da hantsi ta jiyo muryar Nu'uman a zaure, ta laɓe.

"Malam, ni na ɓatar da sunayen. Sakacina ne. Na gyara shafin, na gwada shi sau goma. Ina roƙon a ba ni sunayen ƙauyukan."

Kwana huɗu ya yi a kan babur cikin laka, daga gida zuwa gona, yana neman iznin iyaye yana sake rubutawa. Saƙo ɗaya kawai ta tura masa: "Ka ci abinci."

Ya samo arba'in da huɗu. Uku sun bi iyayensu kiwo ƙetaren iyaka, aka rufe rajista ba su dawo ba. Ya faɗa wa Malam Lawal sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa.

Malam ya dube shi. Sannan ya ce, "Waɗannan ukun suna wuyanka har baɗi. Kai za ka nemo su, ita ta koyar da su. Aikin ba zai yi kyau ba kana waje tana ciki. Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura auren a ƙofar gidan. Daga cikin ɗaki Hadiyya ta ji mahaifinta yana roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kuma sa su sauke nauyin da ke kansu. Ta ɗaga hannuwanta masu lalle ta shafa, ta ce amin, kuma ta fi jan amin ɗin roƙon ƙarshe, na sauke nauyi.