Askirim ɗin Kwakwar Ikilima

A gidan bikin abokinsa a Kibiya Mujahid ya fara ganin Ikilima. Mai askirim ya tsaya da kekensa a ƙofar gida, 'yan mata suka yanyame shi, ita kaɗai ta koma gefe. Mujahid ya sayi ɗaya ya miƙa mata.

"Na gode, ba na sha," in ji ta.

Ya zaci jan aji ne. Sai da suka shaƙu ta gaya masa cewa tun tana ƙarama take fama da ciwon siga, kullum sai ta yi wa kanta allura, madara kuma cikinta ba ya karɓa.

"Duk wanda ya ji guduwa yake. Kai ma ka tafi tun ban saba da kai ba."

Bai tafi ba. Ya koma gida Rano, ya sayo kwakwa ya shiga kicin yana gogawa. Ya tace madararta da ƙyalle, ya kaɗa da gwaiduwar ƙwai a ƙaramar wuta, ya zuba abin zaƙin masu ciwon siga da ya samo a kemis. Askirim ɗin farko ya daskare kamar dutse. Na biyu aka ɗauke wuta, ya narke a firiza. Da ƙyar ya gane sai ana fito da shi ana juyawa kafin ya gama kamawa.

Ranar da ya yi laushi, ya sa shi a kula da ƙanƙara ya hau babur. Ikilima ta kai cokali baki, ta rufe ido, hawaye na zuba.

"Masoyi, ashe haka yake?"

Mahaifiyarsa Hajiya Jumai ce ta tsare shi da tambaya, wa ake wa wannan wahala. Da ta ji, fuskarta ta canza.

"Ba da yawuna ba. Jikoki nake so, ba zaman jinya ba. Ga Hafsa 'yar ƙanwata, lafiyarta ƙalau."

Maganar ta isa Kibiya, saƙon Ikilima ya shigo:

"Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Ni kaina ban san abin da jikina zai yi gobe ba. Ka yi mata biyayya. Kada ka sake kirana."

Ya rubuta: "Gimbiyata, da ciwon naki na roƙe ki a wurin Allah. Ki amsa ko da harafi ɗaya ne."

Ba ta amsa ba. Damina ta zo ta wuce, Mujahid ya rame, a gida gaisuwa kawai ke haɗa shi da kowa. Ana nan ya ji an kwantar da ita a asibiti, damuwa ta hana ta cin abinci, sigan ya rikice. Ya je har bakin ɗakin, ƙanwarta ta fito ta ce Ikilima ba ta son ya gan ta a haka. Ya dawo ya durƙusa gaban Hajiya yana kuka.

Mahaifinsa Malam Gwadabe ya ajiye carbi.

"Jumai, ni da ke wa ya yi mana alkawarin lafiyar gobe?"

Washegari Hajiya ta yafa mayafi ta tafi asibitin ita kaɗai. Ta zauna bakin gadon yarinyar, ta tambayi likita zancen haihuwa ba ɓoye-ɓoye. Ya ce mai yiwuwa ne in ana kula, amma akwai haɗari.

Da ta dawo ta kira Mujahid.

"Tsorona bai tafi ba, Mujahid. Amma yarinyar nan ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai ta wahalar min da ɗa. Ka gaya wa Malam su je neman aure."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura a Kibiya. Da aka kawo amarya, har lokacin ba ta gama murmurewa ba. Hajiya Jumai ta tare ta a tsakar gida.

"Shigo, 'yata. Abin da ya same ki ya same mu. Allah ya ba ki lafiya, ya yi muku albarka."

Mata suka amsa da amin. Ikilima ta kwantar da kai a kafaɗarta.